Yadda za ka kalli finafinan Marvel ka gane labarin Thanos ba sai ka kalle su duka ba

Mutane da yawa sukan faɗa Avengers: Endgame kai tsaye saboda sun ji ana ta zuzuta shi, su zauna awa uku suna ganin aktoci sun cika allo amma ba su san wa ke jin haushin wa ba, a ƙarshe su ce fim ɗin hayaniya ne kawai. To ai dole, Endgame na 2019 shi ne na 22 a jerin da aka fara da Iron Man a 2008. Amma in Thanos ne damuwarka ba sai ka ƙarar da datarka a kan dukkansu ba.

Abin da za ka riƙe shi ne duwatsu shida. Bos ɗin nan yana neman ya haɗa su a safar hannunsa ta ƙarfe, da zarar ya kyasta yatsu rabin masu rai su ɓace, to duk fim ɗin da dutse ya fito a ciki shi za ka bi.

Ka fara da Iron Man don ka san halin Tony Stark, wato shi Iron Man ɗin, sai Captain America: The First Avenger na 2011 inda za ka ga wani shuɗin akwati, Tesseract, dutsen sarari ne a cikinsa. Daga nan The Avengers na 2012. Don Allah in aka fara nuna sunayen ma'aikata kar ka kashe, a tsakiyar sunayen ne Thanos ya fara juyowa ya yi murmushi, kuma in a shago aka tura maka ko fassarar Hausa ce ka duba ko an yanke wajen.

Thor: The Dark World na 2013 a ganina ba shi da armashi, ka dai sani jan abin nan mai malala, Aether, shi ma dutse ne, ka wuce.

Wanda ban yarda ka tsallake ba shi ne Guardians of the Galaxy na 2014. Wasu na raina shi don akwai bishiya mai magana da wata 'yar dabba mai riƙe bindiga, alhali a nan ne aka zauna aka yi bayanin duwatsun, a nan za ka san Gamora da Nebula, 'ya'yan riƙon Thanos da ya horar da su da azaba yana haɗa su faɗa, duk lokacin da Nebula ta sha kashi sai ya cire mata wani sashe na jiki ya sa ƙarfe, wannan a kashi na biyu na 2017 ta ba da labarinsa. In ba ka san Gamora ba, abin da ya faru a duniyar Vormir wajen neman dutsen rai cikin fim ɗin Avengers: Infinity War ba zai taɓa maka zuciya ba, wallahi nan ne nauyin labarin yake gaba ɗaya.

Sauran a jere: Age of Ultron na 2015 don dutsen da ke goshin Vision, mutum-mutumin da ya shiga cikin Avengers, Civil War na 2016 don ka gane me ya raba Tony da Captain America har bos ya same su a warwatse, Doctor Strange na 2016 mai koren dutsen lokaci, sai Thor: Ragnarok na 2017 wanda ƙarshensa ya zarce cikin farkon Infinity War. Black Panther na 2018 zai nuna maka ƙasar Wakanda, inda aka gwabza babban yaƙin Infinity War, wanda shi za ka kalla bayan waɗannan.

Bayan Infinity War ka saka Ant-Man and the Wasp tukuna, Endgame ya jingina da shi sosai.

In ka gama kana son ƙari, nemi komik ɗin The Infinity Gauntlet na 1991, fitowa shida ne, Jim Starlin da ya ƙirƙiro Thanos a 1973 shi ya rubuta. Dalilin kisan ma daban ne, a fim cewa yake jama'a sun yi wa abinci yawa, a komik kuwa Mutuwa ce aka zana a siffar mace ya kamu da sonta, ya hallaka rabin halittu don ya burge ta, ita kuma ko kula shi ba ta yi ba.