Rigar Ruwa Don Fatsa a Bakin Teku: Inda Masu Saye Suke Tafka Kuskure

Yawancin masu sayen rigar ruwa sama suke kallo. A ransu ruwa daga gajimare yake sauka, ya bugi kai da kafaɗa, ya gangara ƙasa. To, mai tsayawa cikin kumfar teku har gwiwa yana jefa fatsa, ba ta nan ruwansa yake zuwa ba. Igiyar ruwa ƙirji take duka, ta kutsa ta ƙasan riga, iska kuma ta kwaso feshi ta cusa maka a wuya. Kusan duk kurakuran da ake yi daga nan suka taso: an sayi rigar damina, an kai ta fagen da ba nata ba.

A fara da lambar nan da ake mannawa a jikin riga, milimita 10,000 ko 20,000. Yadda ake samo ta shi ne a matsa wa yadin ruwa, a yi ta ƙara ƙarfi har ya fara tsattsafowa ta baya; 10,000 na nufin ya jure nauyin ruwa mai tsayin mita goma. Lambar ba ƙarya ba ce, kuma wanda zai riƙa durƙusawa kan jiƙaƙƙen yashi da jaka rataye a kafaɗa gara ya nemi ta 20,000, don matsi ne ke tura ruwa cikin yadi. Sai dai yadi aka gwada, ba riga ba. Riga tana da ɗinki, kowane hujin allura kuwa ƙofa ce. Kafin ka biya, juya ta ciki a waje, ka bi ɗinkin da yatsa. Ya kamata ka tarar da siririn tef a liƙe kan kowane layi. Wasu a kafaɗa da hula kawai ake liƙa musu, a bar gefe da hammata haka nan. Ga mai tafiya cikin yayyafi babu laifi. A teku kuwa, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Inda na fi shan wuya ni kaina, bakin hannun riga ne. Sandar fatsar teku doguwa ce, mita uku zuwa huɗu da ɗoriya, kuma duk jifa sai ka ɗaga hannu biyu sama da kai. Ruwan da ke tafin hannunka, da wanda ke bin sanda, sai ya sulale ya bi damtse har hammata. Rigata ta farko tsada gare ta, yadinta bai taɓa yoyo ba, amma kafin awa guda nakan jiƙe har haƙarƙari, ina ta zargin ɗinki alhali ɓarawon yana wuyan hannu. Maɗaurin ƙar-ƙar, wato mai mannewa da kansa, da ake sa wa rigunan hawan dutse ba ya tsare wannan, kuma da yashi ya cika shi sai ya daina kamawa. Abin nema shi ne riga mai bakin hannu biyu, na cikin an yi shi da robar da ke lafewa a fata. Iri biyu ne. Akwai siririyar roba mai talewa, wadda ta fi kowacce rufewa, amma rana da man shafawa suna cinye ta har ta yage. Akwai kuma mai kauri da laushi irin ta kayan masu ninƙaya, wadda takan bar ɗan ɗigo ya wuce amma ta fi daɗewa. Ni ta biyun nake zaɓa, don ba na son rigar da zan riƙa lallaɓawa.

Sai tsayi. Rigunan masu fatsa a kogi gajeru ake yin su da gangan, don kada aljihu ya tsoma cikin ruwa. Kogi ba ya tsalle; teku tana yi. Gajeriyar riga mai sakakken ƙugu, igiya ɗaya za ta ɗage ta, ta zuba maka ruwa cikin dogon wandon roba. Saboda haka masu shiga cikin igiya sosai suka fi son rigar da ake zurawa ta kai, marar zif a gaba, mai roba a ƙugu. Ka sa ta a kan wandon, ba a cikinsa ba, sannan ka ɗaure bel da kyau. Wannan bel ɗin ba ado ba ne. Wandon da ya cika da ruwa yana hana mutum tashi idan ya faɗi, ga igiya na janyewa da ƙarfi.

Wani kuma ya toshe duk ƙofofin nan, ya koma gida sharkaf, ya rantse rigar jabu ce. Zufarsa ce. An gudu ba a tsira ba. A nan sai mutum ya dubi irin fatsar da yake yi. A 1877 Helly Hansen, wani kaftin ɗin jirgin ruwa na ƙasar Nowe, ya fara jiƙa yadi da mai don ma'aikatan jirgin ruwa, jikar wannan dabara kuwa ita ce rigar leda mai kauri ta PVC da masuntan manyan jirage suke sawa har yau. Ba ta yoyo, yauƙin kifi da jini da ƙarni duk wanki ɗaya ne, amma ko kaɗan ba ta fitar da gumi. Idan wuri ɗaya kake kafa sanda ka jira, ta wadatar, ga sauƙin kuɗi. Idan kuwa kai mai bin gaɓa ne, kilomita bayan kilomita kana jifa kana jawowa, sai irin yadin da ya biyo bayan abin da Bob Gore, wani injiniyan Amurka, ya gano a 1969, wato Gore-Tex da 'yan uwansa, masu ƙananan ramukan da ɗigon ruwa ba ya shiga amma tururin jiki yana fita. Nemi wadda yadinta hawa uku ne a manne, ta fi jure gogayyar yashi da igiyar jaka. Kuma kada ka ɓata ta da singiletin auduga a ciki. Auduga tana riƙe ruwa, ruwa kuma yana kwashe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan iska. Ulu ko yadin roba mai saurin bushewa za ka sa.

Girman riga ma a shago ake gane shi, ba a gaɓa ba. Sa ta a kan kayan da za ka sa a ranar sanyi, ka yi kamar kana jifa. In ta ɗaure ka a kafaɗa ko ta ɗage ta bar ƙugu a waje, ajiye ta, ko da masu shagon suna maka dariya. Ja hular ka waiga hagu da dama. Hular da ba ta juyawa tare da kai za ta rufe maka ido daidai lokacin da babbar igiya take tahowa. Launi mai haske ya fi, don baƙar riga cikin baƙin ruwa da dare babu mai hango ta. Rigar ruwa kuma ba ta hana mutum nutsewa. Idan kan duwatsu kake hawa, sa rigar ceto, kuma a samanta, domin irin mai kumbura ɗin nan ba ta da wurin buɗewa idan an danne ta a ciki.

Gishiri ne yake kashe yawancin rigunan nan tun ba su tsufa ba. Yana bushewa a cikin yadi, ya riƙa jawo danshi daga iska, ya ci kan zif na ƙarfe har ya ƙage. Zif na roba mai manyan haƙora ya fi dacewa, a kuma samu murfin yadi a kansa. Duk dawowa, ɗauraye rigar da ruwan daɗi, ka ja zif sama da ƙasa a cikin ruwan, ka shanya a inuwa. Idan ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a bayanta, yana shimfiɗewa yana yin duhu, ba lallai ta huje ba: maganin korar ruwa da aka shafa mata ne datti ya danne, jiƙaƙƙen baya kuwa yana hana gumi fita. Wanke ta da sabulun ruwa na irin waɗannan riguna, ban da garin sabulu, ban da maganin tausasa tufafi. In yadin mai numfashi ne kuma takardar wankinsa ta yarda, ka ba ta ɗan zafi na minti 20 a injin busar da kaya, ko guga marar zafi da tawul a tsakani. In hakan bai dawo da ita ba, akwai maganin fesawa. A fi ba da ƙarfi a kafaɗa da bakin hannu, nan yake fara gogewa.