Kurakuran da Masu Fara Shuka a Bokiti Cikin Gida Suka Fi Yi

A gidaje da yawa na Bauchi yanzu, in ka shiga tsakar gida ko baranda za ka tarar da tsofaffin bokitan fenti da buhunan siminti an jera su, an shuka tumatir, attaruhu, na'a-na'a ko alayyafo a ciki. Wannan abin alheri ne, musamman ga wanda ya san yadda kuɗin kayan miya ke tashi a Kasuwar Muda Lawal idan damina ta shigo. Sai dai mutane da yawa suna yin watsi da abin tun a watan farko, suna cewa hannunsu ba ya karɓar shuka, alhali kuwa kurakuran da suka kashe musu shukar kaɗan ne, kuma dukkansu ana iya gyara su.

Babba daga cikinsu shi ne yawan ban ruwa. Mai fara shuka yana ƙaunar abin da ya dasa, don haka duk sanda ya gifta sai ya ɗebi kofi ya zuba. Saiwar shuka kuwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma idan ƙasa ta zauna jagab kwana da kwanaki, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa takan ƙare, saiwar ta ruɓe ta yi baƙi tana wari. Abin da ke ruɗar da mutane shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa ma takan yi yaushi, ganyenta na ƙasa ya yi ɗorawa, sai mai ita ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara mata ruwa. Haka ya faru da ni a tumatirin farko da na dasa: sai da na tuge shi na ga saiwarsa ta narke kamar dafaffen zare, a cikin bokitin da na manta ban huda gindinsa ba. Gyaran mai sauƙi ne. A huda gindin bokiti wuri biyar ko shida, a ɗora shi kan duwatsu ko bulo don ruwa ya samu hanyar fita, sannan kafin a zuba ruwa a soka yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan da danshi a bar ta. Idan ta bushe a zuba sosai har sai ruwa ya ɗigo ta ƙasa. A lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, hakan na iya zama kullum da safe, wani lokaci har da yamma, amma a damina bokiti na iya yin kwana uku bai nemi ruwa ba. Kada kuma yaushin tsakar rana ya tsoratar da kowa. In shukar ta miƙe bayan la'asar, zafi ne ya dame ta.

Na biyu shi ne ƙarancin haske. Ɗakin da idonmu ke gani da haske, a wajen tumatir duhu ne. Tumatir da attaruhu suna son rana kai tsaye ta awa shida zuwa takwas a yini, kuma idan ba su samu ba sai su yi tsawo siriri, ganye ya yi fari-fari, kara ya karkata wajen taga, fure kuma ya ƙi zuwa. Wanda ba shi da tsakar gida ya zaɓi tagar da ke fuskantar gabas, domin ranar safe ba ta ƙuna; a watannin hunturu kuma tagar kudu tana samun rana mai kyau, saboda a lokacin rana takan karkata kudu. Ya riƙa juya bokitin bayan kwana biyu ko uku. A ganina, wanda ɗaki kawai yake da shi gara ya haƙura da tumatir ya fara da na'a-na'a, albasa mai ganye ko latas, waɗanda ke jure inuwa. Akwai fitilun LED na musamman da ake kunna wa shuka awa 12 zuwa 16 a yini, amma da yanayin wutar lantarkinmu, wanda ba shi da sola zai fi wahala da su.

Ƙasar da ake zubawa a bokiti ma abin lura ce. Mutane sukan haƙo ta bayan gida su cika bokiti, in mai laka ce kuwa da an yi mata ban ruwa sau biyu sai ta danƙare kamar tubali. Ya kamata a haɗa ƙasar jigawa da ruɓaɓɓen taki da ɗan ɓuntun shinkafa, ta yadda in an dunƙula ta a hannu aka saki za ta warwatse. A lura da kalmar ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa cikin 'yan kwanaki, sai an tara shi ya yi watanni ya huce. Haka ma takin zamani: ƙaramin cokali ɗaya na NPK 15-15-15, a binne shi a gefen bokiti nesa da kara, ya ishi tushe ɗaya na makonni uku. Yuriya kuwa, da ke da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, idan ta yi yawa sai shuka ta yi ganye shar ba 'ya'ya. Wani farin ɓawo da ke fitowa a bakin ƙasa alama ce gishiri ya taru, daga taki ko daga ruwan rijiyar burtsatse, kuma ana wanke shi ne ta hanyar zuba ruwa mai yawa ya ratsa ya fita.

Girman mazubi ya dace da shuka: tumatir ɗaya ga bokiti mai lita 20, na'a-na'a kuma a ba ta nata ita kaɗai domin takan mamaye maƙwabtanta. Baƙar roba tana dafa saiwa a ranar bazara, don haka a naɗe ta da buhu ko a koma tukunyar ƙasa.

Akwai kuma wanda shukarsa ke fure amma furen ya zube. Idan zafin rana ya haura digiri 35, furen tumatir ba ya kamawa, shi ya sa dashen da ya fi albarka a nan shi ne na ƙarshen damina, wanda zai yi fure cikin sanyin hunturu. A cikin ɗaki kuma babu iska babu ƙudan zuma, sai mai shuka ya riƙa ɗan girgiza karan da hantsi don garin furen ya zuba a cikinsa, furen ya kama ya yi 'ya'ya.

Ƙwari sukan ɓuya a bayan ganye, inda mai fara shuka ba ya dubawa. Farin ƙuda da darɓa suna tsotse ganye har ya naɗe, ƙurar hunturu kuma tana rufe shi tana ba su mafaka. A riƙa ɗaga ganye ana dubawa sau biyu a mako, a wanke ƙurar da ruwa, in an ga ƙwari a daka ganyen dogon yaro a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗiga sabulu kaɗan a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. Maganin feshi na gona bai kamata ya shiga ɗakin da yara ke kwana ba, balle a fesa shi kan na'a-na'ar da za a tsinka gobe a sa a shayi.