Yadda Ake Shirya Babur Don Doguwar Tafiya

Yawancin masu sayen babban babur da salansa suke fara gyara, don a ji ƙara. Ƙara kuwa ba ta rage wa kowa ciwon baya a tafiyar awa bakwai. Idan babur ɗinka na cin hanya ne, ga tsarin da na fi yarda da shi.

Mataki na farko, ka zaɓi babur daidai da hanyar da za ka riƙa bi. Honda Gold Wing, wanda aka fara ƙerawa a 1975, yau injinsa cc 1,833 ne mai silinda shida, kuma nauyinsa ya haura kilo 360. A lafiyayyar kwalta babu kamarsa wajen hutu, amma idan ya kwanta a yashi mutum ɗaya zai sha wuya kafin ya tashe shi. BMW R 1250 GS yana iya kwalta da burji, ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya. Tankinsa lita 20, na samfurin Adventure lita 30. Matsalarsa kayan gyara, da kuma bakaniken da ya san kwamfutarsa. Yamaha Ténéré 700, mai sunan hamadar Nijar, tayarsa ta gaba inci 21 ce, shi ya sa yake ratsa rairayi da gargada, sai dai yana da tsayi, gajere zai riƙa ɗage a kansa. Honda CB500X shi ne tsaka-tsaki: cc 471, nauyi kusan kilo 200, ga sauƙin shan mai. Da irinsa wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022. Ni a ganina, mai farawa ya tsaya a nan. Wanda kuma Boxer ko TVS ke hannunsa kada ya raina abinsa, domin kusan duk garin da ka tsaya akwai mai gyaransa.

Na biyu, wurin zama. Nan ne ya kamata kuɗinka ya fara shiga. Hau babur, ka rufe ido, ka miƙa hannu inda ya fi maka daɗi, sannan ka buɗe. In kan babur ɗin ya yi maka ƙasa ko nisa, a sa ƙarfen ɗagawa na inci ɗaya, amma a juya kan zuwa dama da hagu har ƙarshe, a tabbatar wayar birki da ta kuloci ba sa ɗamewa. Kujera kuma kada a cika ta da soso mai laushi. Laushin yana lotsewa cikin awa ɗaya, sai ka ji ƙashinka a kan roba. Ka ce wa mai ɗinkin ya faɗaɗa ta, ya sa soso mai tauri a ƙasa, mai laushi siriri a sama. Gilashin gaba ya tsaya wajen saitin hancinka, kana kallon hanya ta samansa, don ƙurar hunturu tana dusashe shi nan da nan.

Na uku, kaya. Duba littafin babur ka ga iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka, ka cire naka da na wanda za ka goya. Masu nauyi, kamar sifanu da ruwa, su sauka ƙasa a jakunkunan gefe, dama da hagu daidai. Akwatin baya na kayan marasa nauyi ne. In ka danƙare shi, gaba zai yi sakayau, kan babur ya fara rawa. Akwatin alminiyam yana kulluwa, ya dace da kwalta da kwana a gari. A yashi jakar tamfol ta fi, domin akwatin ƙarfe yana iya danne ƙafa idan an zame. Bayan ka ɗora komai, ka ƙara taurin shokozoba na baya yadda babur ba zai nutse fiye da kashi ɗaya cikin uku na iyakar lotsewar shokozoban ba.

Na huɗu, kariya: ƙarfen gefen inji, farantin ƙasa, da marufin hannu. A ɗaura su da noti, kada mai walda ya taɓa firam.

Na biyar, wuta. Ƙarin fitila da cajar waya kowanne ya bi ta fis ɗinsa, a haɗa yadda za su mutu da zarar ka kashe makulli, in ba haka ba batir zai kwana yana zuba. Fitilun a sunkuyar da su don kada ka kashe wa mai tahowa ido.

Kafin ranar tafiya, ka loda kayan duka, ka sa hular kwano, ka yi kamar kilomita 100 ka dawo. Sai ka bi notuna ɗaya bayan ɗaya, ka duba ko jaka ta taɓa salansa, ka auna iskar taya idan ta huce. Inji da salansa kuwa ka bar su yadda kamfani ya yi su. Matatar iska da sarƙa kawai za ka riƙa dubawa duk inda ka yada zango.