Kurakuran da sababbin matuƙa jirgin ruwa ke yi in hadari ya taso a tafkin Kainji

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya duk damina. Yaro ya samu inji Yamaha ya ɗaura a jirgi shikenan ya zama gwani, a ce masa ga hadari can ya ce "ai za mu riga shi isa". Malam ba a tsere da hadari a Kainji. Faɗin tafkin nan a tsakiya ya haura kilomita 20, in ka taso daga Yauri ka gangara wajen Malale akwai inda gaɓa za ta yi maka nisa ta ko'ina, kuma hadarin damina daga gabas yake tahowa, iska ce ke riga ruwan sama isowa, da ka ji wani sanyi-sanyi ya bugi fuskarka ruwa ya fara tsalle to lokacin shawara ya wuce.

Ni buhunan albasata aka watsa a ruwa saboda irin wannan taurin kan. Gabas ta yi baƙi ƙirin, wani dattijo Basarke, wato masunci, da ke cikin jirgin ya ce wa matuƙin "ɗana raɓa gungun can mu jira ya wuce", shi kuwa wai gobe kasuwa, fasinja ma suna zuga shi. Can tsakiya igiyar ruwa ta fara shigowa ta gefe, mutum biyu na kwarfewa da bokiti ba sa cimma ta, mata na salati, dole aka fara jefar da kaya, jarina kaf ya tafi a wannan yammacin. Tun daga nan ni dai in na ga hadari ya haɗo kafin mu tashi ba na hawa, in muna kan hanya kuma gaɓa mafi kusa nake sa a nufa ko da ba can za mu ba, a ɗaure jirgi a kwana. Wasu na cewa tsoro ne, su ta shafa.

Sai kuma masu rama lokaci da tafiyar dare, su ne suka fi ba ni haushi. Hadari ya tsare ka awa uku, magariba ta yi, sai ka ce bari mu ƙarasa? Da wane ido? Tun da aka gama dam a 1968 ruwa ya shanye daji da itatuwansa, kututturan suna nan a ƙasa, da rana ma da ƙyar ake gane su balle da tocilan. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare amma kamar da dutse take magana. Jirgin 'yan biki na Patigi ta jihar Kwara a 2023 da na masu Maulidi a Mokwa ta jihar Neja a 2024 duk cikin duhu suka kife.

Sauran ƙanana ne amma suna kashewa. Lodi har bakin jirgi na shan ruwa, rage shi in sama ba ta yi maka ba. Ɗaukar man inji daidai tafiya, alhali kewaye gaɓa ya fi cin mai, riƙe jarka guda ta daban. Rigar hana nutsewa kuma sawa ake yi ba zama a kanta ba. In iska ta kaɗa kar kowa ya ruga gefe ɗaya, a zauna ƙasa, kai kuma matuƙi ka rage wuta ka ba igiyar ruwa hancin jirgi. Waya a ƙulle ta a leda, kuma in an sauya inda za a kwana a kira gida a faɗa kafin sabis ya ɗauke.