Idan an kama ɗanka da kayan kanti kafin ya fita ƙofa

Maganar da na fi ji daga bakin iyaye a harabar kotun majistare ita ce: "Barista, ai bai fita da kayan ba, a ciki aka tsayar da shi." Suna faɗinta da ƙwarin gwiwa, ni kuwa raina yakan ɓaci, domin doka ba ta kallon abin haka, kuma rashin sanin wannan na sa yara amsa laifin da ba su san nauyinsa ba.

Fara da sanin abin da ake kira sata. A kundin dokokin laifuffuka na Penal Code, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960 kuma ake amfani da shi a Abuja har yau, sashe na 286 ya ce sata ta tabbata da zarar mutum ya gusar da kayan wani daga inda suke, ba da yardar mai su ba, da niyyar cinye su. Gusarwa kawai. Yaron da ya ɗauki turare daga kan kanta ya cusa a aljihu, sata ya yi, ko da mai gadi ya tare shi kafin ya kai wurin biyan kuɗi. Yunƙuri shi ne wanda ya ɓalle makullin akwatin gilashi aka riƙe shi bai taɓa wayar da ke ciki ba. Sashe na 95 ya ba shi rabin mafi tsawon ɗaurin da aka tanada wa laifin, ko tara, ko duka biyun.

Abin da za ka nema da farko shi ne takardar ƙarar 'yan sanda, wadda ake kira FIR, ka duba lambar sashen da aka rubuta. Sata zalla sashe na 287 ce, ɗaurinta na iya kai wa shekara 5. Amma kanti gini ne da ake ajiye kaya a cikinsa, don haka masu gabatar da ƙara sukan rubuta sashe na 288, mai shekara 7. Idan yaron shago ne ya ɗauki kayan maigidansa, sashe na 289 ne, shi ma shekara 7. Idan su biyu ne, ɗaya na ɗauke hankalin mai kanti, za ka ga an ƙara haɗa baki a sashe na 97. Wanda kuwa ya ture mai gadi ko ya zare wuƙa don ya tsere da kayan, ya bar babin sata ya shiga na fashi. Waɗannan shekarun iyaka ce ta sama. Alƙali na duba darajar kayan da ko karon farko ne. Jihar Kaduna ta sake kundinta a 2017, lambobin sun canza, don haka ka tambayi wane kundi ake aiki da shi a jiharku.

Inda shari'ar take rayuwa ko mutuwa shi ne niyya. Mace mai goyo da jakunkuna biyu da ta manta da gwangwanin madara a ƙasan kwando ba ɓarauniya ba ce, kuma mai ƙara ne zai tabbatar da mugun nufi. Shi ya sa nake roƙon iyaye su nemi a adana hoton kyamarar kantin tun ranar, kafin na'urar ta goge shi. Su kuma riƙe rasit idan akwai.

A ofishin 'yan sanda, ka gaya wa yaron kada ya sa hannu a kan bayanin da bai karanta ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Beli kyauta ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council na jiharsa. Idan ƙaramin yaro ne, a faɗi shekarunsa nan take: sashe na 50 na Penal Code ya ce ɗan ƙasa da shekara 7 ba ya aikata laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an nuna ya san abin da yake yi.

A jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci, haddi na da sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da kai nisabi da fitar da kaya daga ma'ajiyarsu. Wanda aka kama bai fitar ba, ta'aziri ne hukuncinsa, wato horon da alƙali ya ga ya dace.

Ku kuma masu kanti, doka ta ba ku damar riƙe wanda kuka kama, amma ku miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Duka, tuɓe masa riga a ɗauki bidiyo, ko kulle shi a sito har danginsa su biya ninki goma, duk laifuffuka ne da za su iya mai da ku waɗanda ake tuhuma. Idan za a yi sulhu a biya kuɗin kaya, a rubuta shi, kuma idan magana ta riga ta je kotu a sanar da alƙali ya shigar da shi a rijistarsa.