Kurakuran da aka fi yi wajen auna albarushi

Samarin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi sun ishe ni da bidiyon Amurkawa masu ɗura harsashi da hannunsu suna harbin faifan ƙarfe daga mita 1,000. Kowa sai ya miƙo waya: "Baba, nawa ake zubawa?" Ku fara sanin wannan: a Ghana haɗa harsashi ba da izinin gwamnati ba laifi ne a dokar makamai ta 1972, kuma lasisin riƙe bindiga bai ba ka wannan damar ba. Ni a Afirka ta Kudu na koyi aikin, inda mai lasisi yake da ikon yi.

Babban kuskure shi ne farawa daga sama. Littafin kamfanin albarushi lamba biyu ta awon albarushi yake bayarwa, ta farawa da ta ƙarshe. Sabon shiga kuwa idonsa na kan ta ƙarshe, wai don harsashi ya yi nisa. Ɗauki harsashin .300 Winchester Magnum da ya fito a 1963: iyakar matsin da aka yanka masa psi (ma'aunin matsi) 64,000 ne, kuma wannan wutar dab da kuncinka take tashi. Cikin bindigogi ba ɗaya ba ne, kaurin kwanson harsashi ya danganta da kamfani, zurfin da ka dasa kan harsashi ma yana sauya matsi. Awon da ya zauna lafiya a bindigar wani yana iya fasa taka.

Na taɓa ara wa wani abokin farauta bindigata, ashe ya kwafo lamba daga intanet. Kwanso ya tsage ta gindi, iska mai zafi ta feso masa a fuska, tabarau ne ya ceci idonsa. Bindigar da na daɗe ina tara kuɗinta kuwa ba ta sake moruwa ba. Abin da ke ci mini rai har yau, sai da ta gargaɗe shi: sakata ta yi tauri wajen buɗewa, hular wuta (mai kunna albarushi) ta baje, ga tabo mai sheƙi a gindin kwanso. Ya gani da idonsa, ya ci gaba! Ni daga lambar farawa nake tashi, in hau rabin giren rabin giren (giren ne ma'aunin nauyin albarushi), ina duba gudun harsashi da na'ura. Da ya kai gudun da littafi ya rubuta na tsaya, ko ban ga wata alama ba.

Na biyu, ɗaukar albarushi duk ɗaya ne. Manyan kwansuna mai ci a hankali suke so, irin H1000 ko Retumbo. Zuba musu na ƙaramar bindiga mai saurin ci, ka haɗa bam. Mu nan gida ma muna da namu salon gangancin: mutum ya farke harsashin bindigar farauta ya juye a bindigar toka. Haba jama'a! Baƙin albarushi aka ƙera ta ta ɗauka, marar hayaƙi tsaga bututun yake yi, sai a kwashi mutum zuwa asibitin Komfo Anokye ba yatsu. Gwangwanin albarushi ɗaya tak nake yarda ya hau teburina, wanda kuma takardarsa ta goge ba na amfani da shi.

Sauran a gurguje. Giren ba giram ba ne, giram ɗaya ya haura giren 15. Rage awo ƙasa da lambar farawa shi ma haɗari ne a babban kwanso. Zafi yana ƙara matsi, don haka kada a bar harsashi cikin mota a zafin ranar watan Maris. Sabon gwangwani ko da sunansa ɗaya da tsohon, koma ƙasa ka sake hawa. Kuma kashe fanka kafin ka ɗora komai a sikeli, iskarta kaɗai tana karkatar da awo.