Yadda za ka sa wa waken soya taki bisa gwajin ƙasa

Gaskiya abin yana damuna in ga mutum yana zuba wa waken soya kamfa da yuriya kamar masara ya shuka, alhali shi wake ne, akwai 'yan ƙulalai a jikin saiwarsa da suke jawo masa nitirojin daga iska. Yuriya in ta yi yawa ƙulalan ma daina aiki suke yi, sai ka ga ganye ya yi kore shar ya rufe gona amma kwanso ba wani na kirki, kuɗi kuma sun tafi. Fosfaras da fotash ya fi buƙata, kuma ido ba zai gaya maka nawa ƙasarka take da su ba sai an gwada.

Wajen ɗibar ƙasar ake yawan ɓata aikin. Tun kafin damina ka zaga gonar kana tafiya karkace-karkace, ka haƙa wuri 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, ka riƙa zubawa a bokitin roba mai tsafta, kuma don Allah ka kauce wa gindin suri da inda aka taɓa jibge taki ko aka ƙona ciyawa da bakin gona, don za su ba ka sakamakon ƙarya. In wani ɓangare yashi ne wani kuma laka to kowanne da nasa bokiti. Cakuɗa sosai, ɗauki kamar rabin kilo, shanya a inuwa, rubuta sunan gonar ka kai ɗakin gwaji.

In takarda ta dawo fara duba pH, wato tsamin ƙasa. Waken soya ya fi son 6 zuwa 6.8, in ka ga ƙasa da 5.5 to laim ɗin noma za ka fara sa wata biyu ko uku kafin shuka, in ba haka ba ƙasar riƙe fosfaras ɗin za ta yi shuka ba ta samu ba.

Sai lissafi. A ce an rubuta maka kilo 40 na fosfet, wato sinadarin fosfaras da ke cikin taki, a hekta, takin sufa mai fosfet kashi 18 cikin 100 zai ci wajen kilo 220, buhu huɗu da rabi kenan, TSP kuwa, wani takin fosfaras mai kashi 46, bai kai buhu biyu ba, sai ka kwatanta wanne ya fi sauƙi a kan kilon sinadarin ba a kan buhu ba, amma fa sufa yana da salfa a ciki. In gwajin ya nuna fotash ya wadata kada ka saya bana, wannan kuɗin da ka riƙe riba ce. In ya yi ƙaranci ka sa MOP, wato takin fotash, a gefe, kada ya taɓa irin don yana ƙona shi.

Ranar shuka ka cuɗa irin da inokulan, wato garin ƙwayoyin halittar da ke sa ƙulalan su fito, a inuwa ka shuka a ranar. Lokacin fure ka tono tsiro ɗaya ka fasa ƙulalan da farce, in cikin ja-ja ne suna aiki.

Ka bar kunya kaɗan ba taki, da kaka ka auna kowanne daban, ka cire kuɗin taki da na gwaji daga kuɗin ƙarin waken da ka samu. Bayan shekara 3 ka sake gwajin, don kowane tan ɗaya na wake yana fita da fotash wajen kilo 20.